Kwana huɗu ina jiran kaya a Bankok, ina zan kai yaro ya ga gari da kuɗi kaɗan?

Maman Abba:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Bankok yanzu haka, ni da babban ɗana. Mun gama sarin kaya a Pratunam, amma mai ɗinkin da na ba odar riguna ya ce sai Talata zai kammala, yau kuwa Alhamis. Kwana huɗu cur ke nan za mu yi a ɗakin otal muna biyan baht 900, kuɗin Tailan, kullum. Yaron nan wannan ce fitarsa ta farko daga Najeriya, ba na son ya koma gida bai ga komai a Tailan ba sai dilolin kaya. Masu otal sai tallata mana Pattaya suke yi, ni kuwa na ji labarin garin, ba inda zan kai ɗana ba ne. Abin da zan iya warewa na yawo bai wuce baht 6,000 ba. Akwai garin da za mu je mu dawo da wannan kuɗin?

Ɗan Mambila:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ku tafi Chanthaburi. Shekara tara ke nan ina kai dutse mai daraja garin, kuma ban taɓa ganin 'yan Pratunam sun leƙa shi ba. Yana kudu maso gabashin Bankok, kusan kilomita 250, tafiyar awa huɗu. Ku hau jirgin ƙasa na sama daga Chit Lom ku sauka Ekkamai, tashar motocin gabas tana nan gindin tashar jirgin. Babbar bas da ƙananan motoci duk suna zuwa, kuɗin mutum ɗaya ɗari biyu da 'yan kai ne. Ku ɗauki babbar, ta fi sararin ƙafa.

Kun kuma yi sa'ar rana. Kasuwar duwatsu masu daraja da ke titin Si Chan da lungun Trok Kachang Juma'a zuwa Lahadi take ci, ta fi cika Juma'a da Asabar. Kallonta kyauta ne.

Baba Mai Shadda:
Hajiya, ki yi haƙuri da maganar tsoho. Kuɗin da aka fito da shi sari ba na yawon buɗe ido ba ne. Da canjin dala a yadda yake yanzu, baht dubu shidan nan riguna nawa ne? Shekara ashirin ina zuwa Bankok, daga filin jirgi sai kasuwa sai kago, ban ga abin da na rasa ba. Ku zauna ku huta, ki riƙa leƙa mai ɗinkin nan kullum. In ya ga ba kya gari, Talatar ma sai ta zama Alhamis.

Sadiƙ Ɗalibi:
Baba, a gafarce ni, amma lissafin bai goyi bayan zama ba. Ina karatu a nan Bankok, na je Chanthaburi sau biyu. In Mama ta sallami ɗakin nan ta ajiye kayanta wurin mai kago, ta tsira da baht 2,700 na kwana uku. A can na kwana a ɗaki mai tsabta da na'urar sanyi a baht 600. Ga yadda nake ganin abin su biyu: mota zuwa da dawowa kamar 1,000, ɗaki kwana uku 1,800, abinci 1,500, shiga gandun da ruwa ke gangarowa daga dutse 400, zirga-zirgar cikin gari 800. Bai kai dubu shida ba, kuma abincin ko a Bankok sai sun ci. Maganar mai ɗinki kuwa gaskiyar Baba ce, sai Mama ta riƙa neman hoton aikin kowane dare.

Maman Abba:
Baba, na gode, kuma na ɗauki shawarar mai ɗinkin. Amma tafiyar ta kwanta mini. Alhaji Ɗan Mambila, me za mu gani a kasuwar? Mu ba masu sayen dutse ba ne, kar mu je mu tsaya kamar baƙin biki.

Ɗan Mambila:
Ba wanda zai kula ku, kowa idonsa na kan teburi. Kasuwar nan a juye take, Hajiya. Mai saye ne yake zaune, masu sayarwa ke yawo. Za ki ga shaguna cike da tebura, kowanne da fitila da farin faranti da hantsaki da ɗan gilashin duba dutse. Mai saye ya rubuta irin dutsen da yake nema ya kafa a gabansa. Dillalai, da yawansu mata, suna zagayawa da jakunkuna rataye a ƙirji, su zazzage masa duwatsun da ke ƙunshe cikin 'yar takarda guda a faranti. Ya duba, ya haska tocila, ya yi tayi. In tayin ya yi kusa, sai a naɗe ƙunshin a manne shi da salatif, a rubuta farashin a kai, dillaliya ta tafi da shi wurin mai dutsen. Muddin mannen nan na kai, ba za a nuna wa wani ba. Sai ta dawo da sallamawa ko da albarka. Dukiyar da ke wucewa a hannun matar da ke sanye da silifas, in an faɗa miki ba za ki yarda ba.

Za ki ji Faransanci da Bambara da Fulatanci a titin nan, wani lokaci har Hausa. 'Yan Gini da 'yan Mali sun fi yawa a cikin 'yan Afirka, ga 'yan Indiya da Sirilanka da Pakistan. Dutsen garin kansa ya kusa ƙarewa tun tuni. Abin da ke cika teburan yanzu jan yakutu ne daga Mozambik, da safaya daga Madagaska da wurare irin namu na Mambila.

Abin da ke ci mini rai ke nan. Yaranmu su shiga rami a tsaunin Mambila cikin sanyi, su fito da dutse, mu kwaso shi ɗanye. A nan ake gasa shi a wuta launinsa ya fito, a nan ake yanka shi a goge, sannan ya shiga zoben da ake sayarwa a Turai. Sana'ar gasa dutse da yankansa ita ta riƙe garin bayan ramukansu sun ƙafe. Ki sa Abba ya tsaya wurin masu yanka ya ga hannunsu. In ya ga wannan kaɗai, kuɗin motar ya fita.

Garba Kwantagora:
Alhaji, to in mutum ya samu ɗan ƙaramin dutse mai araha ya kawo wa uwargida fa?

Ɗan Mambila:
Malam Garba, kar ka soma. Ni da nake sana'ar, a shekarata ta biyu wani ya tare ni a bakin lungu da jan dutse mai kyau kamar garwashi, ya ce sauri yake yi zai kama mota. Na biya. Da na kai a gwada aka ce tsagoginsa cike suke da gilashi, bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da na bayar ba. Ban sake ganin mutumin ba. Wanda bai san dutse ba ya kalla da ido, hannu a aljihu. Kuma kar a ɗauki hoton teburin mutum sai an nemi izini.

Hadiza Maraɗi:
Yaya Maman Abba, sannu da hanya. Ni da maigida mun yi kwana biyu a garin, shi yana harkarsa ni ina zagayawa. Daga kasuwar dutse da ƙafa za ki isa tsohuwar unguwar bakin kogi, titin Sukhaphiban. Siririn titi ne, tsawonsa kamar kilomita guda, gidajen katako da na bulo sun haura shekara ɗari, ginin Sinawa da na 'yan Biyetnam da na Turawa a jere. Tsofaffi na zaune a ƙofar gida suna sayar da kayan ƙwalama. Ki je da yamma bayan la'asar. Akwai wani gida, Baan Luang Rajamaitri, wanda mutanen unguwar suka haɗa hannun jari suka gyara ya zama masauki, har UNESCO ta ba shi lambar yabo a 2015. Kwana a cikinsa ya fi ƙarfin kasafinki, amma a ƙasa an baje tsofaffin takardu da kayan mai gidan.

Abin da na fi so shi ne tabarmi. Garin ya shahara da saƙar tabarma ta wata ciyawar fadama, ana rina ta ja da baƙi da kore, laushinta kamar an goge da mai. Na sayo ƙarama guda, yau ita nake shimfiɗawa in yi salla. Masoro ma nasu ne, a lardin ake nomansa, ki sayi na kasuwa a leda, kar ki sayi na kwalba da aka yi wa baƙi.

Ƙetaren kogin akwai wata gadar ƙafa da ke kai wa babban cocin Katolika. Kiristocin Biyetnam da suka gudo daga ƙasarsu ne suka kafa shi a 1711, ginin da ke tsaye yanzu an kammala shi a 1909, da hasumiya biyu irin na Faransa. Daga kan gadar ya fi kyan gani.

Baba Mai Shadda:
To ga irinta nan. An fara da kallon kasuwa, yanzu an kai ga coci, gobe sai ɗakin gumaka. Hajiya da yaro matashi take tafe. Ƙasar nan duk inda ka juya gunki ne, mene ne na kai kai?

Hadiza Maraɗi:
Baba, ban ce ta shiga ba, ni ma ban shiga ba. Gini ne a bakin kogi, ko ba ka so sai ka gan shi. Na faɗi tarihinsa ne don in yaron ya tambaya a samu amsar ba shi.

Malam Isa Zariya:
Baba yana da hujjar damuwa, Hadiza ma ba ta faɗi abin ƙi ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da shiga wurin ibadar wasu ba, ya tsaya a waje, ba abin da ya ragu a tafiyarsa. Ni abin da zan tuna wa Hajiya daban ne. Mu a gida mun saba alƙibla gabas take, har mukan ce a fuskanci gabas. A Tailan Makka tana yamma, da ɗan karkata zuwa arewa. Na ga ɗan uwanmu a otal ya duba inda rana ta fito ya tayar da salla. A Bankok wasu otal na manna kibiya a rufi, a ƙaramin gari da wuya ki samu, ki duba a waya. Tafiyar kuma ta kai ta ƙasaru.

Maman Abba:
Allah ya saka da alheri Malam. Baba, ka kwantar da hankalinka, kogi da kasuwa da tsauni za mu gani. Abinci fa? Shi ne babban tsorona. A Pratunam na san inda zan ci.

Sadiƙ Ɗalibi:
Mama, a nan sai an kula sosai. Abincin da garin ya fi alfahari da shi, moo chamuang, naman alade ne da wani ganye mai tsami. Kalmar moo ita ce alade, ki riƙe ta. Kaza gai, kifi pla. In kin ce mai sai moo, kin ce kar a sa alade. Amma romon taliya sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi ko da naman da ke kai kifi ne, don haka ku bar mai romo gaba ɗaya. Kazar ma ba yankanmu ba ce sai a shagon Musulmi.

Abin da nake ci a can: gasasshen kifi da gishiri, jatan lande, da taliyar shinkafa ta garin da ake kira sen chan, wadda ake soyawa da ƙaguwa. Ita ma ki tambayi man da aka soya ta da shi. A shagunan 7-Eleven ki duba bayan leda, tambarin halal na majalisar Musulunci ta Tailan yana nan cikin zane mai kusurwa huɗu a karkace, da rubutun Larabci.

Ɗan Mambila:
A kewayen kasuwar dutse akwai masu dafa wa 'yan Afirka da 'yan Pakistan. Shinkafa da miyar gyaɗa irin ta 'yan Mali za ki samu, da biryani. Ki tambayi duk wanda kika gani da hula. In kun kama motar bakwai na safe, Abba zai samu Juma'a, ya bi 'yan Gini kawai idan sun tashi daga tebura.

Kuma kun zo a kan gaɓa. Yuni muke, lokacin 'ya'yan itace, daga Mayu zuwa Yuli. Babu lardin da ya kai Chanthaburi noman duriyan a Tailan. Mangostin da rambutan tuli-tuli a bakin hanya, rabin kuɗin Bankok ko ƙasa.

Garba Kwantagora:
Duriyan ɗin nan mai wari? Na shinshina sau ɗaya a Bankok, har yau ban manta ba.

Hadiza Maraɗi:
Malam Garba, wanda ya ci daddawa ya ji daɗinta bai kamata wari ya kore shi ba. Cikinsa kamar madara da aka dafa ta yi kauri. Yaya, ki sayi ɓare ɗaya da aka riga aka fasa, ku ɗanɗana a nan bakin kasuwa. Kar ki kai shi ɗaki, masaukai da yawa sun hana har da tara. Gonakin da ake biya a shiga a ci iya ci suna da tsada ga kasafinki, na kasuwa ya wadatar.

Akwai wurin da nake so Abba ya gani, Laem Sing, inda kogin ya shiga teku, kamar kilomita 30 daga gari. Faransa ta mamaye Chanthaburi daga 1893 zuwa 1904. A bakin ruwan sun bar wani jan gini na sojojinsu, da wata 'yar hasumiyar bulo mai kusurwa huɗu da ake kira Khuk Khi Kai, wato kurkukun kashin kaji. Mutanen wurin suna cewa a ƙasa ake kulle waɗanda suka yi wa Faransawa turjiya, a sama kuma a zuba kaji, kashinsu na zubo musu dare da rana. Na leƙa ta ƙofar, wurin bai fi ɗaki ɗaya ba, iska sai ta 'yan ramuka a bango. Na daɗe a tsaye. A 1899 da hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine suka ƙone Birnin Ƙonni suka yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu, sojojin ƙasa ɗaya ne ke zaune a wannan bakin tekun. Kakata ta sha ba mu labarin wancan zamanin, ban taɓa zaton zan tarar da sawunsu a nan ba. Shiga kyauta ne.

Sadiƙ Ɗalibi:
Kafin Faransawa ma garin na da labari. Dab da sojojin Bama, wato Myanmar ta yau, za su rusa Ayutthaya, tsohon babban birnin ƙasar, a 1767, wani janar mai suna Taksin ya fasa ƙawanya ya yo gabas. Ana ba da labarin cewa daren da zai afka wa Chanthaburi ya sa mayaƙansa suka ci suka ƙoshi, sannan suka farfasa tukwanen girkinsu, don kowa ya san abinci na gaba sai a cikin gari. Ya ci garin, ya haɗa jiragen ruwa a nan, ya koma ya kori Bama a cikin shekarar, ya zama sarki a Thonburi, wadda yau ke cikin Bankok. Akwai babban lambu mai tafki da sunansa a tsakiyar gari, mutane na zagaya shi da yamma, ba a biyan komai.

Ranar Lahadi ku haɗa Laem Sing da gandun Namtok Phlio, hanya ɗaya ce. Baƙo na biyan baht 200. Ruwa na zubowa daga dutse cikin kurmi, kifaye manya baƙaƙe sun cika tafkin har suna gogar ƙafar mutum. Kusa da ruwan akwai 'yar dala ta dutse da Sarki Chulalongkorn ya gina don tunawa da matarsa Sunanda, wadda ta nutse a hatsarin jirgin ruwa a 1880. In Abba ya iya babur, haya ba ta wuce 300 a yini, shi ne mafi araha.

Ɗan Mambila:
A'a Sadiƙ, ban yarda da babur ba. A hagu ake tuƙi, yaron bai saba ba, ba shi da lasin ƙasa da ƙasa, ga damina, garin nan kuwa ruwa yake sha ba na wasa ba. Uwa a baya a kan titin Sukhumvit da manyan motocin duriyan? Su yi shatar a-kori-kura mai benci biyu, wadda mutanen garin ke kira Mazda. A yi ciniki kafin a hau, a rubuta kuɗin a waya a nuna wa direba. Tekun ma a wannan watan kallo kawai, ban da wanka.

Sadiƙ Ɗalibi:
Na janye, Alhaji. Gaskiyarka.

Ummu Salma:
Ni ina Katsina ina bin ku. Ba lardin nan ne ke iyaka da Kambodiya ba, inda aka yi rikici a 2025? Sannan don Allah me ake nema na biza?

Ɗan Mambila:
Shi ne, amma iyakar ta fi tafiyar awa guda daga cikin gari, kuma duk wuraren da muka lissafa suna ɓangaren teku. Su riƙe fasfo a jikinsu saboda shingen bincike, kar su nufi iyaka. Biza kuwa, ɗan Najeriya sai da takardar wankewa ta NDLEA da katin rigakafin shawara, kuma tun Mayun 2025 ana cike katin shiga ƙasa ta intanet kafin a sauka.

Maman Abba:
Assalamu alaikum. Yau Litinin, muna tasha muna jiran motar Bankok, na ce bari in ba ku bayani. Mun kashe baht 5,700. Shatar motar Lahadi ce ta fi cin kuɗi, 1,200 direban ya tsaya, amma ya kai mu Phlio da Laem Sing ya jira mu. Ruwa ya dake mu a kurmin, muka fake a rumfa kusan awa guda, kifayen nan kuwa ko a jikinsu. Hadiza, na ga kurkukun, na kuma sayi tabarma biyu. Duriyan ni na ci, Abba ya ce a kai kasuwa.

Alhaji Ɗan Mambila, Allah ya biya ka. Ranar Asabar wani dattijo ɗan Gini ya ji muna Hausa, ya ce ya zauna a Jos shekarun baya. Ya kai Abba bayan wani shago inda mata uku ke yankan dutse. Ɗaya ta manna wani shuɗin dutse kamar ƙwayar gero a kan ɗan sanda, tana taɓa shi a faifai mai juyawa, ta ɗaga ta duba, ta sake taɓawa. Dattijon ya ce dutsen na Najeriya ne. Yaron nan ya yi awa biyu a tsugune, sai da na aika a kira shi. Tun daren nan tambaya ɗaya yake yi mini, ko akwai inda ake koyon wannan aikin a gida, kuma injin nawa ne.

Baba Mai Shadda:
Mai ɗinkin fa?

Maman Abba:
Ya turo hoto jiya, saura guga da ninki, Baba. Na sayo maka masoro rabin kilo.

Ɗan Mambila:
Hajiya, ki ce wa Abba akwai masu yankan dutse a Jos, na san biyu daga cikinsu. Ina dawowa gida ƙarshen wata. Ki turo mini saƙo ta gefe, in na sauka sai in haɗa su.